Saniyar Tatsa: Lissafin da Ya Kamata a Yi Kafin a Tafi Kara

Duk mai sauraren shirye-shiryen siyasa a rediyo ya saba jin ana cewa wane ya mayar da ƙaramar hukuma saniyar tatsa, wato ya samu inda yake ɗiba ba tare da ya zuba komai ba. Ina kyautata zaton wanda ya fara yin wannan kwatance bai taɓa durƙusawa gindin saniya da ƙwarya a cinya ba. Da ya taɓa, da ya nemi wani misalin. A cikin duk dabbobin da Bahaushe ke ɗaurewa a gida, babu wadda ke tashi kullum safiya tana bin mai ita bashi kamar saniyar tatsa, kuma ba ta ɗaga ƙafa.

Abin da ya jawo maganar shi ne yadda a 'yan shekarun nan mutane da yawa, musamman ma'aikata da 'yan fansho masu ɗan fili a bayan gari, suka fara tunanin ɗaure saniya ɗaya don yara su riƙa shan madara. Dalilansu ba na banza ba ne. Madarar gari, wadda galibinta daga waje ake shigo da ita, ta bi dala ta haye sama. Matan Fulani da a da suke sallama ƙofa-ƙofa da ƙwaryar nono sun ragu a garuruwa da dama, domin rugagen kusa sun tashi, wasu ɓarayin shanu suka kore su, wasu kuma an nome musu burtali da makiyaya. Ga waya a hannu: ka buɗe Facebook ka ga saniya mai dabbare-dabbaren baƙi da fari tana cika bokiti. Ita ma gwamnatin tarayya a 2024 ta ware ma'aikata sukutum don bunƙasa kiwo, ana ta zancen madara a labarai. Mutum sai ya dubi filin bayan ɗakinsa ya ce, to ni me zai hana?

Baffana yana cikin waɗanda suka yi wa kansu wannan tambaya. Da ya ajiye alli bayan shekaru yana koyarwa a firamare, sai ya yanki wani abu daga kuɗin sallamarsa ya nufi karar Wudil ranar Juma'a, ya dawo da farar saniya da ɗan maraƙinta a bayan akori-kura. Kaka ce, karmami ko'ina, harawa jibge a kan rumfa. Yara suka sa mata suna Amarya.

Safiya ta farko Inna, matar Baffa, ta wanke ƙwarya, ta tsuguna, ta kama nono ta ja. Ko ɗigo. Ta sake ja, saniya ta kai mata harbi ta kifar da ƙwaryar. Sai da aka aika aka kira Ardo, wani tsohon aminin Baffa wanda shanunsa suka daɗe suna cin karan gonarmu bayan girbi. Ya zo ya tsaya yana dariya, sandarsa a wuya. "Malam, ai ba a shiga gida ta katanga. Ku sako ɗan." Aka kwance maraƙi, ya rugo ya cusa kai yana tunkuɗar hantsa, jela na kaɗawa, kumfa na zuba a gefen bakinsa. Bai fi minti ɗaya ba Ardo ya janye shi, ya ɗaure shi daf da ƙafar gaban uwar inda za ta iya lasarsa, ya ɗaure mata ƙafafun baya da igiya, ya matse ƙwarya tsakanin gwiwoyinsa. Sai ga madara tsir, tsir, tana kumfa. Tun hantsar ba ta saki duka ba ya miƙe ya sake maraƙin. Inna ta ce ai da saura. Ya ce, "Uwargida, wannan rabon mai abin ne."

Wannan magana ta Ardo ita ce tushen komai, kuma ita ce masu sha'awar saniyar gida suka fi mantawa. Nono na maraƙi ne, mu tsakura muke yi. Shanunmu masu tozo, irin su Bunaji da Rahaji da Bokolo, ba sa sakin madara sai sun ji ɗansu, domin tsotsonsa ne ke sa jikin uwar ya saki wani sinadari mai matso madara daga can cikin hantsa, kuma aikin sinadarin na 'yan mintuna ne. Tsoro ko duka ko haushin kare ko baƙon hannu, kowanne na iya sa ta riƙe. Shanun Turai an daɗe ana zaɓar masu sakin madara ko babu ɗa a kusa har hakan ya zama ɗabi'arsu. Namu ba a yi musu wannan ba. An zaɓe su ne don jure tafiya da ƙishirwa da kaska.

Tunda nono sai da haihuwa, to lissafin madara lissafin haihuwa ne. Saniya na ɗaukar ciki wata tara da 'yan kwanaki. Bayan ta haihu za a iya tatsarta wata bakwai zuwa goma, madarar na yawa a watannin farko sannan ta riƙa ja baya. A kiwon gargajiya, inda rani ke cin shanu, ba abin mamaki ba ne saniya ta yi kusan shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa, karsana kuwa ta kai shekara huɗu ko biyar kafin ta yi ta fari. Mu ɗauki misali mu buga. A ce kana samun lita ɗaya da rabi a rana bayan maraƙi ya sha nasa, wanda shi ne abin da Bunaji mai matsakaicin ci ke bayarwa, har tsawon kwana 270. Ya kama lita 400 da 'yan kai. Amma ciyarwa ba ta kwana 270 ba ce, ta kwana 730 ce. Ka raba, za ka ga kowace ranar ciyarwa rabin lita da ɗan ɗori ta ba ka. Sama da shekara guda tana ci tana sha tana kallonka, kai kuma kana sayen madarar gari a shago kamar kowa.

A ruga ba a jin wannan giɓi. Cikin shanu talatin, wata na haihuwa wata na yaye, kullum akwai biyar ko shida da ake tatsa, ɗan wannan da ɗan wancan ya cika ƙwarya. Shi ya sa nake ganin kakanninmu ba lalaci ne ya sa suka bar wa Fulani harkar nono ba. Bahaushe manomi ya riƙe awaki da tumaki da jaki, daga baya ya ƙara da shanun huɗa da sa na turke, wato dabbobin da ɗaya ko biyu ma suna biyan buƙata. Nono kuwa ya bar wa mai garke, ya ba shi gero da karan gona, ya karɓi kindirmo da taki. Fura ta Bahaushe, nono na Bafulatani, suka haɗu a ƙwarya ɗaya. Wanda ya ciro saniya ɗaya daga garke ya kawo ta gida, ya rabo ta da abubuwa da yawa da garken ke yi mata ba tare da kowa ya lura ba, kuma duk sai ya biya su da aljihunsa ko da ƙarfinsa.

Mafi nauyi a cikinsu shi ne ƙafa. Saniyar ruga ita take zuwa wurin abinci. Idan ciyawa ta ƙare a nan, a yi fadama, idan fadama ta ƙare a yi kudu. Saniyar turke abinci ne zai zo wurinta, a kan kai ko a kura ko a amalanke. Matsakaiciyar Bunaji mai nauyin kilo 300 tana buƙatar busasshen abinci kilo bakwai zuwa takwas a rana. A ƙasar Kano, daga lokacin da ciyawa ta bushe a Nuwamba zuwa lokacin da sabuwa za ta kama baki a Yuni, wata bakwai ne. Kilo bakwai da rabi sau kwana 210 ya haura tan ɗaya da rabi. Baffa, malamin lissafi ne fa, bai buga wannan ba. Ya dubi tulin harawar da ke kan rumfa ya ga kamar ba za ta ƙare ba, alhali ita ce dai wadda tumakin Inna ke ci kowace shekara. Kafin Fabrairu ta fita rumfa ta koma fayau.

Kuma ba yawa kaɗai ba ne. Saniya na iya cika ciki da kara kullum ta rame har ƙashin haƙarƙarinta ya fito a ƙirga. Dalili kuwa, ba ita take narkar da ciyawa da kanta ba. A cikin tumbinta akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke farfasa kara da ciyawa su mayar da su abin da jikinta zai amfana da shi. Waɗannan halittu suna buƙatar sinadarin gina jiki aƙalla kusan kashi 7 cikin ɗari na abin da aka ci kafin su yi aiki sosai. Busasshiyar ciyawar rani da karan dawa ba sa kaiwa nan, wani lokaci ko rabi ba sa kaiwa. Idan abin ya gaza, kara ya daɗe a tumbi bai narke ba, saniya ta rage ci, jiki ya fara cin kansa. Harawar wake da ta gyaɗa sun haura kashi 10, shi ya sa dami ɗaya nasu ke yin aikin da dami uku na kara ba su yi ba. Haka ƙowa, da 'ya'yan gawo da ke zubowa daidai lokacin da ake nemansu, da dusa, da anguryar auduga ko tunkuzarta. Masu kiwon madara suna da ma'auni da suke bi: bayan abin da zai riƙe jikinta, kowace lita biyu ta madara tana neman kusan kilo ɗaya na irin wannan abinci mai ƙarfi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Matsalar ita ce duk waɗannan a bazara suke tsada, domin a lokacin kowa ke nema: mai ragon layya, mai san turke, mai shanun huɗa da ke son su yi ƙarfi kafin shuka. Duk wanda ya bi titunan Kano a watan Afrilu ya ga yadda ake ƙulla harawa 'yar ƙanana ana sayarwa kamar alayyafo. Wanda bai tara tasa tun kaka ba, a inuwa, sama da ƙasa inda gara ba za ta ci ba, zai saye ta da farashin da madarar ba za ta taɓa mayar masa ba. Ruwa ma haka. Kusan kashi 87 cikin ɗari na madara ruwa ne, kuma saniya mai shayarwa a zafin bazara takan shanye lita 40 zuwa 50 a rana, wato jarka biyu ta 'yan garuwa. Gidan da babu rijiya ya sa wannan a lissafi. Kada kuma yunwa ta sa a sake ta ta yi yawo a unguwa. Mahauta sun san dunƙulen leda da suke cirowa daga tumbin shanun gari, wani sai an ɗauka da hannu biyu. Gyauron dawa ma, mai kore shar da ke jan ido, yana iya kashe saniya cikin sa'o'i.

A gidan Baffa abin ya zo a jere. Madara ta sauka daga cikin ƙwarya zuwa ludayi uku. Yara sun saba, suna tsaye da kofuna. Inna, cikin tausayin nata 'ya'yan, ta riƙa tatsewa ƙarƙaf. Maraƙi ya rame, gashinsa ya tashi, zawo ya kama shi, wata safiya a Afrilu aka tarar ya miƙe. Amarya ta kwana biyu tana kuka, ta riƙe nononta gam. Ardo ya sa aka feɗe maraƙin, ya cusa ciyawa a fatar, ya yayyafa mata ruwan kanwa, ya ajiye gaban uwar. Ta shinshina, ta lasa, ta ɗan saki. Dabarar ta yi aiki mako biyu ko uku, sannan hantsa ta ƙafe. Abin da Ardo ya faɗa a ranar bai yi wa Baffa daɗi ba: "Malam, kun sha maraƙin a shayi."

Gaskiya ya faɗa, domin a kiwon shanunmu maraƙi ya fi madarar daraja. Shi ne kuɗin da zai fito a dunƙule bayan shekara biyu ko uku, in mace ce kuma ita ce saniyar gobe. Duk litar da aka ƙwace masa a watanni ukun farko, an ci ta ne daga jari. Dakashi kuwa, wato kakkauran nonon kwanakin farko, ba a ma maganar raba shi: a cikinsa maraƙi ke samun kariya daga cututtuka, kuma cikinsa na karɓar wannan kariya ne kawai a sa'o'in farko bayan haihuwa.

Sai maganar bijimi, abin da ba wanda ke tunawa a kara. Saniya na neman barbara duk bayan kwana 21 ko kusa da haka, kuma lokacin bai cika wuce yini ɗaya ba. Shanu masu tozo nasu ya fi gajarta, sau da yawa ma da dare yake zuwa. A garke bijimi ne ke gane wannan, ba ruwan makiyayi. Saniyar da ke ɗaure ita kaɗai ba ta da wadda za ta hau ko ta hau ta, alamar sai ɗan kuka da rashin natsuwa da farin ruwa mai yauƙi a ƙarƙashin jela. In ka kuskure, sai bayan mako uku. In ka kuskure sau huɗu, ka ƙara wata uku na ciyarwa a banza. Ramammiyar saniya kuma ba ta ma nema sam, jikinta ya san ba zai iya ɗauka ba, wanda ya sake mayar da mu kan harawa. Riƙe bijimi saboda saniya ɗaya ninka ciyarwa ne. Barbarar allura, wadda ake ɗura maniyyin da aka daskarar, tana nan, amma tana buƙatar ƙwararre da zai iso cikin sa'o'in da suka dace da tulunsa mai sanyi, kuma ba kowane ƙauye ke da shi ba.

A nan ne mutane kan ce, to ai matsalar irin ce, a sayi ta Turai. Gaskiya ne Firiziyan, wato saniyar Turai mai dabbare-dabbaren baƙi da fari, na ba da abin da Bunaji ba za ta taɓa bayarwa ba. Amma saniya ce ta ƙasar sanyi. Da zafi ya haura digiri 25 ta fara takura, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna ganin 40 da ɗoriya. Sai ta tsaya tana haki, ta rage ci, madara ta sauka, ciki ya ƙi shiga. Kaskar da Bunaji ke yawo da ita ba ta damu ba tana iya kwantar da ita. A tsaunukan Jos ko Mambila da sauƙi. A Kano ko Katsina ko Damagaram, zallarta sai mai rumfa da ruwa da likita a kusa. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana gwada ruwa-biyu, Firiziyan da Bunaji, kuma irin waɗannan kan ba da lita shida zuwa takwas ko fiye idan suna ƙoshi. "Idan" ɗin nan ita ce maganar. Ruwa-biyun da aka ciyar da kara zalla ta fi Bunaji saurin lalacewa, domin jikinta zai ci gaba da zuba madara yana cin namanta. Ni a ganina, wanda bai taɓa fitar da Bunaji daga rani da ƙibarta ba, bai isa sayen ruwa-biyu ba tukuna. Akwai ma na gida masu nono da ake rainawa: Bokolon Sakkwato, da Azawak ta Nijar wadda aka daɗe ana tace irinta a tashar Tukunus da ke yankin Filinge.

Ko wace iri za a saya, a tuna abu ɗaya game da kara: makiyayi ba ya kai saniyarsa mai albarka kasuwa sai dole ta kama shi. Abin da aka fi kaiwa shi ne juya, da tsohuwa, da mai mataccen nono, da mai yawan ɓari. Dillali kuwa la'adarsa yake nema. Akan ma haɗa saniya da maraƙin da ba nata ba. Mai saye ya buɗe baki ya duba haƙora, ya tatsa kowane nono huɗu da hannunsa, ya ga maraƙin ya tsotsa uwar ta lashe shi. Mai yawan ɓari ita ce ta fi haɗari, domin sau da yawa cutar da Fulani ke kira bakkale ce, kuma tana kama mutum ta hanyar ɗanyar madara, ta zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya a banza. Tarin fuka ma na bi ta nan. Saboda haka ko saniyarka ce, ka san abin da ta ci, a tafasa madarar. Rigakafin ciwon huhu da harbin daji, waɗanda cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato ke sarrafa allurarsu, ba su da tsada idan aka kwatanta da kuɗin saniya. Idan kuma an yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta, a bar shan madarar har kwanakin da likita ya faɗa su cika. Matan da ke yin kindirmo sun riga kowa sanin wannan, domin irin wannan madara ƙin kamawa take yi.

Akwai ƙasashen da saniya ɗaya ko biyu ke riƙe gida, kuma ana yawan kafa hujja da su. Indiya ta fi kowace ƙasa samar da madara a duniya, kuma mafi yawanta daga masu dabbobi ƙalilan take fitowa. Amma a duba yadda abin yake. Tun ƙungiyar manoman da aka kafa a Anand ta jihar Gujarat a 1946, wadda ta haifi kamfanin madara na Amul, tsarin shi ne kowane ƙauye na da wurin karɓar madara safe da yamma, a auna maiƙonta a biya, kuma ta hanyar ƙungiyar ake samun abincin dabbobi da likita da barbarar allura. Wato saniyar tana ɗaure ita kaɗai a gida, amma ƙungiya ta zame mata garke. Ruwanda ta fara shirin Girinka a 2006, ana ba matalaucin gida saniya, in ta haifi mace a miƙa wa maƙwabci. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, Fulanin Nijar suna da habbanaye tun kaka da kakanni: a ba wanda ya rasa aron saniya, ta haifa masa, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Sai dai Ruwanda ƙasa ce mai damina biyu da ciyawa kusan duk shekara. Wanda zai kwafo shirin zuwa inda ake wata bakwai ba ɗigon ruwa, ya fara da rumbun harawa kafin ya raba shanu.

Kada a ce na kushe abin gaba ɗaya. Nagge daɗi goma, in ji masu ita, kuma madara ɗaya ce kawai cikin goman. Saniya ɗaya a turke na tara kusan tan guda na busasshen taki a shekara, a daidai lokacin da buhun takin zamani ya gagari talaka. Ƙasar da ke kewaye da Kano an ɗauki ɗaruruwan shekaru ana nome ta ba hutu, kuma mangalar taki a bayan jaki na cikin abin da ya riƙe ta. Ga man shanu, ga maraƙi, ga kadarar da za a iya kaɗawa kara ranar da asibiti ko biki ya taso. Ga manomin da ke da gona da rijiya da yara masu yankan ciyawa, lissafin na iya fita, musamman in ya sa taki a ciki. Ga ma'aikacin da zai sayi kowane dami da kowace jarka, da wuya. Shi da awaki biyar ko shida ya ɗaure, irin jar akuyar Maraɗi da Sakkwato, da abincin saniya ɗaya zai riƙe su, cikinsu wata biyar ne, suna yawan tagwaye, kuma in ɗaya ta mutu ba a yi zaman makoki ba. Sai dai da yawa cikinmu muna ƙyamar nonon akuya ba tare da wani dalili ba.

Wani abin da ba a faɗa a fili shi ne aikin kan wa zai faɗa. Maigida ne ke zuwa kara, shi ake yi wa barka. Amma tatsa kullum ce, ba Juma'a ba Sallah, kuma ɗanyar madara a zafinmu 'yan sa'o'i take yi ta lalace, sai an tafasa, an zuba iri, an rufe da faifai, an kaɗe mai. A ruga an daɗe da raba wannan gardama: shanu na maigida, nono da kuɗinsa na mace. A gidan Bahaushe babu wannan ƙa'ida, sai a wayi gari wata na riƙe da ƙaho wani na tatsa.

Baffa bai sayar da Amarya ba, ko da yake ya yi niyya har sau biyu. Daminar da ta biyo ya canza shuka: ya rage dawa a gefen gonar da ke kusa da gida ya zuba wake mai yaɗo, ya tumbuke shi da sauran ganyensa kore, ya shanya a inuwa. Ya sayi dusa da angurya tun Disamba ya jibge a ɗakin da babu kowa. A watan Satumba, lokacin da ta yi ƙiba gashinta na sheƙi, ya kora ta rugar Ardo ta yi mako shida cikin garke, a kan cewa shanun Ardo ne za su fara shiga karan gonarsa bayan girbi. Ta dawo da ciki. Ta haihu a Yuni, ciyawa na fitowa, maraƙa mace. Da na tambaye shi ko ba gara ta haihu da rani ba lokacin da nono ke tsada, sai ya ce wannan sai rumfarsa ta ninka biyu.

Inna kuwa ta kafa sharaɗinta tun kafin haihuwar, a gaban Ardo: nono biyu na maraƙa, biyu nata, kuma abin da ya fito nata ne. Zuwana na ƙarshe na tarar da ita a tsakar gida tana auna kindirmo da ludayi, ta ware na yara, ta ware na mai shayin bakin titi da ke aiko yaro kullum. Baffa ya fito daga ɗaki da furarsa a kwano ya miƙa. Ta dube shi, ta dubi kwanon.

"Malam, na yara kyauta ne, na mai shayi da kuɗi. Kai a wane layi kake?"

Ya laluba aljihu.